Ƙwayar da Na Ba Ka, Yaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, wanda kowa ya sani da Mai Agogo.

Yaya, shekara arba'in da ɗaya ka yi a ɗan shagon nan mai taga ɗaya, gilashi maƙale a ido, kana tsintar kusoshin da ni ko ganinsu ba na yi. Ka riƙe ni bayan rasuwar Baba, ba ka taɓa yi mini gori ba. Tsiyarka ɗaya ce, ba ka yarda a ga kasawarka.

Da hannunka ya fara rawa, sai ka koma gaisawa da mutane hannu a aljihu. Yana ajiye a cinya lafiya lau, kana ɗaukar hantsaki sai karkarwa. Wasu suka ce iska ce, marasa tsoron Allah suka ce shaye-shaye ka fara da furfurarka. Ni ma nawa ya daɗe yana yi, kamar na Baba. Da ƙyar na ja ka wurin likitan da ke duba ni.

Ya sa ka miƙe hannuwa, ka zana da'ira a takarda, ka kai kofin ruwa baki. Rabin ruwan a rigarka ya ƙare. Ka dube ni ka ce, "Ƙane, rufe bakinka, naka ya fi nawa." Likita ya ce rawar hannu ce ta gado, ba ta kisa. Amma da ya ji kana da asma sai ya ajiye biro, ya ce ƙwayar da nake sha ba taka ba ce, tana iya toshe maka numfashi. Ya rubuta wata. Ita kuma ta sa ka jiri da gyangyaɗi a kan aiki, ka watsar.

Rannan na same ka a shago, agogon wata tsohuwa a buɗe gabanka kwana tara, ka kasa mayar da kusa ɗaya. Ka ce, "Ba ni ƙwayarka ko ta kwana uku ce, in gama mata." Ina wurin lokacin da likita ya yi gargaɗin, da kunnena na ji. Na ba ka.

Ka gama agogon. Washegari numfashi ya sarƙe, kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa.

An ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma baƙin cikin bai sake ni ba, kuma ba zan iya ci gaba da ɓoye wa iyalinka ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Matar yaya da 'ya'yana, Allah ya ba ku haƙuri. Kun daɗe kuna tambaya ina ya sami ƙwayar nan da aka gani a aljihunsa. Ni ne. Ku yafe mini.