Faifan da Ya Ƙi Hawa

Sakinatu taubashiyata ce, don haka ina da izinin faɗin gaskiya a kanta: tun tana yarinya a Ƙofar Atiku ba ta san a ce mata a'a ba. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai ta sa kafaɗa. Mahaifinta, Kawu Bawa mai sayar da atamfa, ya yi faɗan har ya gaji. Da ta karanta kwamfuta kowa ya ce ta samu daidai da ita, abin da za ta ba umarni ya bi ba musu.

Aikinta kula da saba, wato babbar kwamfutar da ake tara ajiya a ciki. Ba ta zama tana danne-danne. Jerin umarni take rubutawa ta sake shi, na'ura ta shirya kanta da kanta. Cikin masu kiranta har da Dodo, mai ɗaukar bidiyon biki a Sabon Gari. Faifan ajiya biyu ne a sabarsa. Na gurbin farko ajiyar shekara da shekaru ce, kuma a cikinsa kaɗai bidiyon walimar saukar Sakinatu yake, inda marigayi Kawu Bawa ya yi jawabi. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan. Kullum za ta kwafa, kullum sai gobe. Na gurbi na biyu na aikin yau da kullum ne, umarninta yakan share shi tas ya sake ɗora shi.

Bazarar bara zafi ya sa Dodo ya kwance sabar ya mayar da ita ɗakin ciki. Da safe na kai Sakinatu a babur. Ta saki umarninta, allo ya yi ja: faifai na biyu ya ƙi hawa, wato na'urar ta ƙi karɓarsa. Ta sake, ya sake ƙi.

"Malama, amarya na jiran bidiyonta," in ji Dodo. "Ki tilasta mashi mana."

"Kalma guda ta. In na ƙara ta, shi hau ko shina so ko bai so."

Ta rubuta kalmar, ta ɗaga yatsa. Ni kuma bakina da ba ya shiru na ce, "Yau dai kin gamu da wanda yaf fi ki taurin kai."

Ta harare ni. Don ta nuna mini laifin ƙarfen ne ba nata ba, sai ta nemi lambar shaidar faifan. Wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba.

"Dodo, da kak kwance ta, wane faifai kam mayar farko?"

"Wanda ad dama gare ni. Ai komi da dama a ka farawa."

Ashe musanya su ya yi. Umarninta gurbi ya sani, bai san faifai ba. Wanda ya ƙi hawan nan shi ne ajiyar, na'urar ta ga ba shi ta saba sharewa ba ta tsaya. Da yatsan nan ya sauka, da bukukuwan mutane sun tafi, da muryar Kawu ta tafi.

Dodo ya dafe kai yana salati. Ni tsoro ya kama ni sosai. Sakinatu ta goge kalmar harafi bayan harafi. Ta gyara umarnin ya riƙa kiran kowane faifai da lambarsa, nan take duka biyun suka hau.

Sai ta buɗe bidiyon walimar. Ga Kawu da farar hularsa, yana dariya.

"Wagga ɗiya tau ba ta jin bari," in ji shi. "Ku taya ni roƙo, Allah Shi haɗa ta da mai tsai da ita."

Tsiyar da na zo da ita cike da baki, duk na manta da ita. Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙo hannu.

"Ba ni wayarka in kwafa. Yanzu."