Ƙwaryar Aro Ba Ta Komawa da Yunwa

Ƙauyenmu yana kusa da Jabo, irin ƙauyukan nan da in ka ƙifta ido a kan babur sai ka wuce su ba ka sani ba. A can na tashi a hannun kakata, uwar mahaifina, wadda kowa ke kira Inna Tumba. Gajeruwar tsohuwa ce mai baki kamar barkono. Goro ya gama da haƙoranta sai biyu, kuma da biyun nan take yi wa duk jikan da ya kawo mata raini dariya har sai ya yi kuka. Ni ce na fi shan bakinta, don ni ma ba baya ba ce wajen surutu. Sunana Balkisu, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar da na yi laifi. Sauran kwanaki "Balki bakin ganga" ce.

Da damina, in an idar da sallar isha'i, takan hura wuta a rumfar ƙofar ɗakinta, ta jefa ɗanyen ganyen dogon yaro don hayaƙi ya kori sauro. Mu zagaye ta, ni da ƙannena, idanunmu na hawaye amma ba mai matsawa. Tun ina ƙarama na lura da wani abu game da tatsuniyarta: ranar da aka ci tuwo aka ƙoshi, gajeruwa take yi ta kore mu. Ranar da kwaɗon tafasa ne kawai ya shiga cikinmu, sai ta ja ta, ta ƙara mata waƙa, ta mayar da mu baya wai ta manta wani wuri, har barci ya kwashe mu ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar da nake magana, ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Gero ya tsaya bai fid da kai ba, rumbu ya kai ƙasa, Babanmu ya tafi kudu neman abin da za a ci. A wannan shekarar ce maƙwabciyarmu Gwaggo Lanto ta ɗauki wata ɗabi'a da ta ishe ni. Kwana biyu uku sai ga ta ta leƙo, wai a ara mata ƙwarya. Ƙwaryar tamu kuwa tsohuwa ce, ta tsage an ɗinke ta. Washegari ta dawo da ita rufe da faifai, Inna ta karɓa ta shige ɗaki.

Wani dare na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, mi as sa Gwaggo Lanto ba ta da aiki sai aron ƙwaryarmu? Ɗakinta cike shi ke da ƙore sabbi."

Inna ta mintsine ni a cinya. Ta ce, "Ke dai bakinki shi ka kai ki ƙasa. Tamu ta ka so, ina ruwanki? Gyara zama. Ga ta nan tahe, ku buɗa mata hanya."

Muka ce, "Ta shigo mu ji ta."

Wai a wata shekarar yunwa, Kura ta zo ta kwanta a bakin hanya ɗaya tilo da ke fita daga wani kurmi. Ƙananan dabbobin da ke ciki suka zama ba shiga ba fita. Mai ajiya ya ci ajiyarsa, marar ajiya ya ci haƙuri. Kurege yana da gyaɗa da ya binne tun kaka. Maƙwabciyarsa Bushiya kuwa 'ya'yanta huɗu, ba ta da ko ƙwaya. Inna ta ce a wancan zamanin Bushiya ba ta da ƙaya ko ɗaya, jikinta sumul yake.

Kurege ba mugu ba ne. Ya ji kukan 'ya'yan Bushiya, ya ɗebo gyaɗa a faifai, ya tsaya a ƙofarta da rana tsaka, kowa na kallo, ya ɗaga murya ya ce, "Bushiya, fito ga sadaka, na ji ɗiyanki na kukan yunwa!" Bushiya ta duba ta ga idanu a kanta. Sai ta dunƙule wuri ɗaya, ta amsa daga ciki da waƙa. A nan Inna kan ƙanƙance murya ta rera:

"Mun ci, mun sha, mun ƙoshi,
Kukan ɗiyana na wasa na."

Kullum Kurege ya zo ya yi shela, kullum ta dunƙule, kuma duk dunƙulewa ɗaya sai ƙaya ɗaya ta tsiro mata a baya. Kunya ce ke fitowa ta fata. 'Ya'yanta kuwa suna ta ramewa.

Da abin ya dami Kurege sai ya je wurin tsohon Kunkuru ya ce shi ya gaji, ga abinci ga mai yunwa amma sun kasa haɗuwa. Kunkuru ya ce masa, "Kai wawa na. Wa yac ce maka sai da miƙa hannu aka bayarwa? Tahi ka roƙe ta wani abu." Kurege ya je da yamma, ya yi sallama a hankali, ya ce ko za ta taimake shi da aron ƙwarya. Bushiya ta warware, ta ɗauko da murna, don yau ita ce mai yin alheri. Washegari ya mayar da ƙwarya da gyaɗa a gindinta, ya ce ya gode. Ita kuma ta karɓa ba wata kunya, tun da kowa ya san ba a mayar da ƙwaryar aro da yunwa. Haka suka yi ta yi, yau aro gobe mayarwa, 'ya'yan Bushiya suka rayu.

Inna ta ce, "Ta ƙare nan, saura kusu ya tahi da shi. Ku kwanta."

Ni ban yarda ba. Na ce, "To Kura fa? Ta tashi daga hanya?"

Ta tona toka da kara. Ta ce, "Kura tana nan. Wa yac ce miki tatsuniya na kashe kura?"

Na girma, na yi karatu, aure ya kai ni Kebbe, na zama malamar firamare. Inna Tumba ta rasu, Gwaggo Lanto ta bi ta, tatsuniyar ta kwanta a wani lungu na kaina. Sai ga mu a shekarun nan da kowa ya sani. Gonakin nesa sun gagari masu su saboda mutanen daji. Ƙauyuka sun kwashe sun dawo cikin gari, kowa ya raɓa a ɗakin aro. Hanyar Tambuwal ma sai ka tambaya kafin ka hau, in an ce yau ba kyau ka koma gida ka zauna. Ga gari, ga mutane, amma kamar an kife mu da kwando.

A makarantarmu matan unguwa suna dama wa yara kunu kowace safiya, daga Litinin zuwa Juma'a. Sannu a hankali muka gane akwai yaran da kunun Juma'a shi ne abin kirki na ƙarshe da za su sa a ciki sai Litinin. Za ka gan su ranar Litinin ido ya faɗa, kai a kan benci, ko faɗa ba su iya yi. Muka zauna da matan, aka yarda duk mai hali ta riƙa cire tafi ɗaya na gero daga abin dakanta, a tara a buhu a ɗakin ajiyar makaranta, ranar Juma'a a ba masu buƙata su tafi da shi gida.

Ni na tsara rabon, kuma ni na ɓata shi. Na tara yara a fili, na kira sunaye da ƙarfi, kowanne ya fito ya karɓi baƙar leda a gaban kowa. Ina ji da kaina a ranar, har ina murmushi. Kafin a kai bakin ƙofa na ji sauran yara sun fara tsokana: "'Yan leda! 'Yan leda!"

Cikin waɗanda na kira akwai Saratu, 'yar aji huɗu, yarinya mai kaifin kai da ba ta son magana. Mahaifinta Malam Labbo manomi ne da a ƙauyensu shi ke fid da damin zakka a kai wa wasu, yanzu kuwa ɗaki ɗaya aka ba shi aro. Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar gidana da ledar a hannu, ko kwance ta ba a yi ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, mun gode, Allah shi saka. Amma ba mu kai ga hakanga ba. A ba waɗanda sunka fi mu buƙata."

Ranar Litinin Saratu ba ta zo ba. Talata ma haka, Laraba ma haka. Ƙawarta ta ce mini babanta ya ce ta zauna gida, ba za a sake kiran sunanta a fili ba. Da, kwana biyu take yi ba abinci. Yanzu da taimakona na raba ta har da kunun kwana biyar. Ba zan iya komawa da leda ba, ba zan iya ce wa dattijo ya ajiye mutuncinsa ba, shi ne kaɗai abin da ya fito da shi daga ƙauye. Na ji haushin kaina ƙwarai, na rasa ta inda zan ɓullo.

Ranar Alhamis ina wanke kwanonin kunu, sai muryar Inna ta faɗo mini, da irin muryar da take ba Kunkuru: "Kai wawa na." Na ɗauki mayafi na nufi wurin Hajo, mahaifiyar Saratu. Na ce, "Maman Saratu, roƙo na zo. Kwanoninmu sun kasa, ko za ki ara muna naki zuwa gobe?"

Ta dube ni. Kayan ɗakin gaba ɗaya tukunya ce ɗaya da kwano biyu. Ta ɗauko ɗaya, fentinsa ya goge, gefensa ya lotsa, ta goge shi da bakin zane ta miƙo mini. Ta ce, "In dai zai yi muku, Malama."

Ina riƙe da shi a hanya, yatsana ya bi ta wurin lotsewar, sai ɗinkin tsohuwar ƙwaryarmu ya dawo mini, da faifan da ke rufe da ita, da yadda Inna ke shigewa ɗaki da sauri, da tuwon da kan bayyana a daren. Na tsaya cak a gindin wata katanga. Ashe mu ne Bushiya. Gwaggo Lanto ta ciyar da mu damina guda, ni kuwa ina zaginta a raina wai ta cika aro. Ta tafi ban taɓa ce mata na gode ba, kuma na san haka ta so. Na yi kuka a wurin, ba na jin kunyar faɗa.

Ranar Juma'a na mayar da kwano da kaina, gero a ciki, faifai a sama. Na yi kiciɓis da Malam Labbo a ƙofa. Ya dubi kwanon, ya dube ni. Na ce, "Na maido aro, mun gode ƙwarai." Sai ya matsa ya ba ni hanya. Ya ce, "Ba komai, Malama. Ai maƙwabtaka ta."

Saratu ta dawo ranar Litinin. Daga nan muka daina kiran suna. Ranar Alhamis matan kan bazu cikin unguwa, wannan ta aro rariya, waccan ta aro tukunya, ranar Juma'a a mayar. Ban ce ba wanda ya gane ba. Ina jin kowa ya gane, kowa kuma ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Amma Kura tana nan, yadda Inna ta faɗa. Bana ma ba a noma gonakin nesa ba. Matan da ke cire tafi ɗaya sun koma rabin tafi, wasu sun fara kawar da kai in sun hango ni, kuma ban ga laifinsu ba. Alhamis ɗin da ta wuce na leƙa buhun, sai da na tura hannu har kafaɗa kafin na taɓa gero. Na yanke a raina makon nan ba zan je aro ko'ina ba. Ina cikin ɗaure bakin buhun sai na ji motsi a bayana. Saratu ce tsaye, ta rungume kwanon nan mai lotsewa a ƙirji.

Ta ce, "Malama, Innata tac ce ko kuna buƙatar kwano yau. Ta riga ta wanke shi."

Na kwance bakin buhun. Na ce, "Muna buƙata, Saratu. Ki ce mata mun gode."