Kwalbar da Ba A Girgizawa

Cikin shekara ashirin da na yi ina dillancin magani da tukwanen iskar numfashi, akwai wata Alhamis ta damina da har yau ban manta da ita ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan ya kamata ku ji labarinta.

Da hantsi likitar wani ƙaramin asibiti a wajen Bici, wanda nake kai wa iska, ta kira ni. Matar wani manomin rani daga Watari, Malam Bukar, ta haifi bakwaini, kuma yaron ba ya numfashi da kyau.

Na ce, "Dakta, ba jiya na kawo muku tukunya biyu ba?"

Ta ce, "Alhaji, iska na nan, hanyar shiga ce babu." Ta yi mini bayani a gurguje. Huhu cike yake da 'yan ƙananan jakunkuna masu danshi a ciki. Danshin yana sa bangonsu ya manne, kamar ledar da ta jiƙe kana ƙoƙarin buɗe bakinta. A ƙarshen goyon ciki huhun jariri yake fara fitar da wani ruwa mai santsi kamar sabulu, wanda ke hana mannewar, huhun ya yi taushi ya riƙa buɗewa da sauƙi. Bakwaini bai kai ga samun isasshensa ba, saboda haka kowane numfashi sai ya yi kokawa, har ya gaji. Akwai maganin da ke maye gurbin ruwan, safaktan sunansa, ana zuba shi ta siririn bututu cikin maƙogwaro.

Ban taɓa sayar da shi ba. Na bi manyan diloli huɗu a Kano, sai wajen na biyar na samu, kwalba ɗaya tak, ba ta kai ɗan yatsana ba. Ƙa'idarsa sanyi amma kada ya daskare, don haka na naɗe ta da tawul, na sa a kula nesa da ƙanƙara. Na tuƙa da kaina, ina kauce wa kowane rami, waya tana ta ƙara.

Bayan azahar na isa. Malam Bukar na tsugune a baranda, ya miƙe ya ce, "Alhaji, an samu?" Na ce an samu. Ta gilashi na hango yaron: duk jan numfashi sai ƙirjinsa ya lotsa ciki, yana wani ɗan nishi.

Sista Binta, shugabar ma'aikatan jinya, ta fito karɓa. Na ciro kwalbar, na ga maganin ya ɗan kwanta. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane su girgiza kafin su ba yaro. Hannuna bai tambaye ni ba, sai kawai ya girgiza ta.

Ta cafke wuyan hannuna. "Innalillahi! Alhaji, maganin tari ka ɗauke shi?"

Likita ta fito ta ɗaga kwalbar a haske. Kumfa ta taru a sama. Ta ce wannan juya shi ake yi a hankali; in ya zama kumfa, ba za ta samu adadin da yaron ke buƙata ba. Kuma ni na san babu wata kwalbar.

"Sau nawa ka girgiza?"

"Sau ɗaya."

"Ka tabbata?"

Na dubi Malam Bukar. Na ce, "Biyu ne."

Ta runtse kwalbar a tafin hannunta don ta yi ɗumi, ta ce mu jira mu gani. Na tsaya ina kallon hannunta. Da ta buɗe, kumfar ta ragu zuwa ɗan zobe. Ta zuƙa daga ƙasanta, ta duba sirinji, ta shige wajen yaron.

Sai da aka kira la'asar Sista ta leƙo. "Mai girgiza, zo ka gani." Ƙirjin ya daina lotsawa, nishin ya tafi.

Mu dillalai mun fi jin tsoron kayan da ba mu sani ba, alhali abin da hannu ya saba shi ya kusa kashe yaron nan. Tun ranar, duk sabon kaya sai na karanta takardarsa, na tambayi mai amfani da shi. Kuma in likita ta tambaye ku sau nawa, ku faɗi na gaskiya tun farko.

Yaron yanzu yana gudu a gonar babansa. Sista Binta kuwa har yau ba ta karɓar kwalba daga hannuna. Sai dai in ajiye kular in ja baya.