Ranar da Desmond Ya Kai Wolseley Gwanjo

Yayana Desmond Tranter shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗinkin kujerun mota a masana'anta, har ranar da aka rufe ta, aka sallame su da agogon bango da musafaha. Bai taɓa aure ba. Bai iya hira ba, ko gaisuwa sai ka ciro ta daga bakinsa da ƙyar. Amma ka miƙa masa fata da allura, sai ka rantse wani mutum ne daban.

A shekarar da aka sallame shi ya sayo wata mota Wolseley ƙirar 1955 daga hannun wani manomi a yankin Shropshire. Na ce mota ne don haka takardunta suka ce. Kaji sun yi shekaru suna ƙwai a kujerar baya, tsatsa ta cinye ƙasanta har kana hango ciyawa ta tsakanin ƙafafunka.

Na ce, "Des ɗinmu, wannan ai gawa ce. Kai ta a binne."

Ya ce, "Barci take yi, Glenys."

Shekara goma sha huɗu ya yi yana tashin ta daga barcin, a wani garejin haya da ke bayan gidajenmu a Dudley. Yana ɗan shekara hamsin da takwas ya koyi walda. Ya goge katakon gabanta da hannu har ka iya duba fuskarka a ciki. Kujerun kuwa, jar fata ya samo, ya ɗinke su kamar yadda aka koya masa yana saurayi. Akwai ranar da ya farke kujerar direba gaba ɗaya saboda ɗinki ɗaya ya karkace a wurin da ba mai gani sai wanda ya kwanta a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, na tsani motar nan. Ranar bikin 'yata ya zo da baƙin mai a farce, ya kuma sulale kafin a yanka kek, wai fenti na jiransa. Wata uku ban yi masa magana ba, shi kuwa ban jin ya ma lura.

Bazara biyu kacal ya tuƙa ta. Daga nan tsakiyar ganinsa ta fara dushewa, likita ya ce ba gyara, ya mayar da lasisinsa da hannunsa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: takarda ta zo cewa za a rushe garejin duka kafin sanyi. Ni bene nake zaune, hawa na uku, shi kuma Desmond ɗakina na baya zai koma da zama. Babu inda za a ajiye mota.

Kuɗin ba su dame shi ba. Abu ɗaya yake so, ya kuma faɗa mini ya fi sau ashirin: ta faɗa hannun wanda ya san abin da yake kallo.

Ranar Asabar da safe muka je, ana yayyafi. Zauren gwanjon tsohuwar kasuwar shanu ce, ko'ina ƙamshin soyayyen naman alade da shayin da ya daɗe a buta. Tsofaffi ne cike, kowa da tocila da ɗan maganaɗisu a aljihu, suna manna shi a jikin motoci don su gane inda aka cike rami da ƙwaɓi aka shafe da fenti. Desmond ya tsaya kusa da tasa cikin kwat ɗin da ya sa a jana'izar mahaifiyarmu.

Wani dattijo siriri, Mista Pugh, tsohon direban bas, ya bi ta da maganaɗisunsa tun daga gaba har baya, maganaɗisun bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ya buɗe ƙofa, ya shafa kujera, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashinta.

"Wa ya yi ɗinkin nan?"

"Ni," in ji Desmond.

"Kai, malam! Masu yin irin wannan ai duk sun mutu."

"Saura ɗaya. Shi ma ya kusa."

Suka yi dariya tare. Na daɗe ban ji dariyar yayana ba. Da dattijon ya wuce, Desmond ya matse hannuna ya ce, "Shi ne, Glenys. Allah Ya sa shi ne."

Wajen sha ɗaya aka turo ta gaban mai gwanjo. Ya faɗi shekararta, ya ce an gyara ta tsaf, ya karanta lambarta har sau biyu, aka fara tayi daga fam dubu biyar. Mista Pugh yana ɗaga katinsa a hankali kamar mai jin nauyinsa. A dubu tara ya ninke katin ya sa a aljihu. Amma tayin bai tsaya ba. Wani ƙato mai jar fuska a can baya yana ɗaga yatsa, wata ma'aikaciya riƙe da waya tana amsa masa a madadin wani da ba ya wurin.

Desmond ba ya ganin nesa. Ya ce, "Shi ne har yanzu?"

"Ya haƙura."

Desmond ya sunkuyar da kai. Da aka wuce dubu goma sha biyar sai na ji ya miƙe ƙirji. "To wani ne da ya fi shi ido," ya ce. Gudumar ta sauka a dubu ashirin da ɗaya, zauren ya ɗauki tafi, hawaye na bin kumatun yayana. Ni ma da na tsani motar sai da na yi tafi, don na ɗauka yau duniya ta ga aikinsa.

Ya nace sai ya gaisa da mai sayen. Muka same shi a waje, jingine da motar, yana cin burodi da nama.

"Kai ne mai ita, baba? Royston sunana, ni ke da kamfanin ƙarafan gini na hanyar Tipton. Wallahi ka share mini hawaye! Shekara shida ina farautar lambar nan." Ya buga ƙafa a jikin lambar gaba. "ROY 28. Sunana, ga ranar haihuwata. Wancan na waya ma na ji Roy ne, ɗan banza, ya so ya ƙwace mini."

Desmond ya ce, "Lambar."

"Ita fa. Da takardu sun fito zan manna ta a jikin jif ɗina."

"Ka leƙa cikinta?"

"Tana da kyau, baba, ba laifi. Irin ta kakana."

"To ita motar fa?" Ni na tambaya, kuma ba da murya mai daɗi ba.

Ya ɗaga kafaɗa. "Akwai fili a bayan kamfaninmu, ta zauna can tukuna. Ko kuna so? Bayan sati shida ku zo ku ɗauka, ku ba ni ko nawa ne. Ni ba ta da amfani a wurina."

Da zagin mu ya yi da ya fi mini sauƙi, amma da zuciya ɗaya ya faɗa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Desmond ya riƙe mini hannu. Na waiga ina neman Mista Pugh, na zaga zauren sau biyu, na tambayi mai shayi. Ashe tun saukar guduma dattijon ya tafi, ofis kuma suka ce ba sa ba da adireshin kowa.

Da na dawo na tarar da Desmond yana magana a hankali, kamar mai roƙon alfarma a asibiti.

"Idan za ta daɗe a tsaye, kar ka ja birkin hannu, kamewa yake yi. Ka bar ta a giya. Ka rufe gilasai, ka ɗan samo ko tamfol ne..."

Wayar Royston ta yi ƙara. Ya kara ta a kunne, ya ɗaga mana babban yatsa, ya juya baya yana faɗa da wani a kan lodin ƙarfe.

A bas muka koma. Bayan mun wuce tasha huɗu Desmond ya tambaye ni.

"Ya ji maganar tamfol ɗin, ko?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi.

"Bai ji ba, Des."

Ya gyaɗa kai, fuskarsa na wajen tagar da ba ya ganin komai ta cikinta.

"Fatar nan," ya ce, "sanyi ɗaya ya ishe ta."