Ranar da Aka Yi Karatu a Kan Cikina

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama ku karɓi abinku. Abin da zan faɗa ya faru, kuma da ni ya faru. Ban san baƙi a takarda ba. Ni ke faɗa, jikata ke rubutawa, na kuwa gargaɗe ta kada ta yi dariya sai ta aje alƙalami.

Shekarun baya, zamanin Nasara, lokacin da Dakoro ba ta wuce gidan kumandan da kasuwa da ƴan unguwanni ba, aka gina mana likita, ɗaki biyu da rumfa. Wanda aka kawo ya riƙe ta wani dogon mutum ne daga Dahome, muna ce masa Majo, wato shi ne babba a wurin. Hausarsa a karye take, amma ba ya jin nauyin yin ta. Aka ba shi samari ƴan kaɗan da suka gama lakkwal, wato makarantar boko, don ya koya musu aiki, wanda ya ga ya iya a tura shi Yamai, babban birni, ya yi karatun jinya sosai. A cikinsu akwai ɗan farina.

Kun ji na ce ɗan farina. To, tsufa ne ya saki bakina. A wancan lokaci ba na faɗar sunansa, ba na kallon fuskarsa, in ya shigo ta ƙofa ni na sami abin yi a bayan rumbu. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi. Tun yaye goggonsa, yayar mijina, ta ɗauke shi. Ita yake ce wa Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Fuskarsa ban santa sosai ba, amma ƙafafunsa na san su kamar tafin hannuna, don kullum su nake kallo.

Labarinsa a bakin goggon nake ji. Takan zo gidanmu da hantsi ta zauna tana ba mijina labari da ƙarfi, ni kuma ina tankaɗe kamar ba na ji. A haka na san Majo ya rataye hoton wani mutum da aka feɗe a jikin bango, jijiyoyinsa ja da shuɗi. A haka na san ranar kasuwa yakan aika a sayo masa kayan cikin akuya wurin mahauta, ya baje su a faranti, ya ce ga hanta, ga ƙoda, ga zuciya da ɗakunanta. Yakan sa kara a maƙogwaro ya hura, huhu ya kumbura, ya ce haka naku ke yi. Mutanen gari suna cewa maita ake koya wa yara.

Wata rana goggon ta zo muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce wa mijina, “Ɗan nan naka kai gare shi, ba wanda ya kai shi sanin sunan ƙashi da jijiya. Amma in an ce ya taɓa maras lafiya, musamman mace, sai ya sandare. Majo ya rantse in ya ƙara ja da baya, ya tuɓe farar riga ya koma gona.”

Mijina ya ce, “Gonar ai ba ta cika ba.”

Ni ina can ina tankaɗe. Garin da na tankaɗe dai na sake mayar da shi rariya ban sani ba.

A ƙarshen daminar nan zazzaɓi ya sa ni gaba, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Daga baya na ji wani abu mai tauri a hagun cikina, ƙarƙashin haƙarƙari, kamar na haɗiye dutsen niƙa. Na sha jiƙo, wanzami ya yi mini tsaga, abin bai motsa ba. Kowa ya ce in je likita, na ce ba inda za ni. Ba wanda ya tambaye ni dalili, kowa ya sani.

Ina da wata ƙawa, maƙwabciyata, mace mai baki kamar reza. Ita ta leƙo wata safiya ta ce, “Ke, tashi. An ce yaran Majo duk sun bi masu lambar rigakafi zuwa ƙauyen Ajekoriya. Dodon naki ba ya nan. Ko sai kin mutu mu kai masa gawa ya yi karatu da ita?”

Na yafa mayafi muka tafi.

Majo ya sa na kwanta a kan wani dogon tebur mai sanyi. Ya ce in sassauta zane, na sassauta, na ja mayafi na rufe fuskata. Ya danna nan, ya danna can. Da hannunsa ya kai wurin sai na ji ya yi wani sauti na murna, irin na wanda ya tsinci ɓatacciyar akuyarsa.

“Mama, saifa ce. Babba, mai kyau. Kada ki motsa.”

Ya leƙa ƙofar ɗaya ɗakin ya yi kira da Faransanci. Ashe tafiyar Ajekoriya an ɗaga ta, motar ba ta zo ba. Na ji takun mutane suna shigowa. Ta ƙarƙashin mayafi na leƙa ƙasa, na ga ƙafafu sun jeru. Na uku daga bango nasa ne.

Jama’a, da tebur ɗin nan zai tsage in shige, da na gode masa.

Majo ya fara karatu a kaina. Yana yi da Faransanci, yana juyawa da Hausa don in ji, wai kada in tsorata. Ya bi haƙarƙarina da yatsa yana ƙirgawa. Ya ce nan hanta take, nan tumbi, nan kuma saifa, wadda a jikin mai lafiya ɓoye take, hannu ba ya samun ta, sai zazzaɓin sauro ya daɗe a jiki take kumbura ta leƙo. Ya ce a akuya sun gani, a bango sun gani, yau za su ji ta a jikin mai rai. Na farko ya zo ya danna, hannunsa kamar mai kwaɓin laka. Na biyu ya zo, ya taɓa, sai na ji ya yi wani ɗan tari. Ɗan unguwarmu ne, ya gane zanen da ke jikina.

Majo ya kira na uku. Ƙafafun ba su motsa ba.

Ya sake kira. Yatsun ƙafar suka tanƙware suka kama ƙasa. Na tabbata shi ma ya gane ni. Yana iya buɗe baki ya ce wannan ita ta haife ni, amma yaron da aka tarbiyyantar yadda aka tarbiyyantar da shi, wannan magana ta fi masa taɓawar nauyi.

Muryar Majo ta canza. Ya bar Faransanci ya koma Hausa, don kowa ya ji. “Na faɗa maka. Mai ciwo ba ya warkewa da suna. Kai ka san suna, hannu babu. Tuɓe riga, aje nan, tafi gida.”

Na ji ƙarar maɓalli na farko, na ji na biyu.

Har yau ban san wanda ya ɗaga hannuna ba. Na dai ga ya fita daga cikin mayafi, ya laluba, ya cafke wuyan hannun yaron. Tun da aka yaye shi fatata ba ta taɓa tasa ba. Na jawo shi na ɗora a kan wurin, na danne da nawa. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai bakina ya buɗe, a gaban maza, a gaban baƙo, na ce:

“Kai, danna. Mene ne baƙonka a nan? Ai nan ka kwanta wata tara.”

Daga bakin ƙofa na ji ƙawata ta ce, “La’ilaha illallahu.”

Majo ya waiwaya. Ya tambayi ɗan unguwarmu da Faransanci, aka ba shi amsa. Na ɗauka zai kore su ya rufa mini asiri. Ina. Mutumin nan malami ne har cikin ƙashinsa. Ya gyara murya ya ce, “Mama, yi haƙuri, ba nan ya kwanta ba. Nan saifa. Ɗakin yaro yana ƙasa.” Ya juya ga yaron ya ce ya faɗa wa ƴan’uwansa sunan wurin da inda yake. Yaron ya faɗa da Faransanci, ni kuwa na gode wa Allah da bai sa na ji yaren ba.

Sannan sai hannun da ke ƙarƙashin nawa ya motsa. Na ji ya gyara yatsunsa, ya kwantar da su a hankali. Ya ce, da wata murya da ban san yana da ita ba, “Yaya, saki hannuna. Ja numfashi sosai.”

Na saki, na ja. Ya ce, “Ƙara.” Na ƙara. Ya bi gefen abin da yatsa har inda ya tsaya, ya faɗa wa Majo abin da ya ji. Majo ya ce, “To. Mayar da maɓalli.”

Aka ba ni kinin mai ɗacin tsiya na dawo gida. Tun a hanya ƙawata ta fara. “Ashe ke malama ce ba mu sani ba? Gobe sai a ba ki farar riga.” Na roƙe ta don Allah don Annabi ta riƙe bakinta. Ta rantse za ta riƙe. Kafin la’asar maganar ta kai bakin rijiya. Na daɗe ban je ɗiban ruwa ba, sai dai in aiki ƴaƴa. Da na koma, in guga ya maƙale sai wata ta ce wa wata, “Ke, ja mana, mene ne baƙonki a nan?” su kwashe da dariya. Uwata ta aiko daga ƙauyenmu, Mai Yara, a tambaye ni ko zazzaɓin ya taɓa mini kai ne. Wannan aike ya fi dariyar matan ci mini rai, don ita ba wasa take yi ba. Mijina kuwa sai bayan kwanaki, yana cin tuwo, ya ce da kwano, “An rage mini mai noma.” Goggon kuwa ta zo ta zauna kusa da ni ta yi ta taya ni tsinkar zogale, ba ta ba kowa labarin komai ba ranar.

Yaran yanzu in na ba su labarin nan sai su ce, Kaka, ina abin kunya a ciki? Ba za su gane ba, ni kuma ba zan iya fahimtar da su ba. Na sani da na yi shiru da ya tuɓe rigar nan. Na kuma sani abin da na faɗa bai dace da bakin ɗiyar mutunci ba, yadda aka koya mini mutunci. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba wadda ta kori ƴar’uwarta daga zuciyata. Ko yanzu da nake faɗa, kunnuwana zafi suke.

Majo ya koma ƙasarsu bayan tafiyar Nasara, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Allah Ya saka masa gwargwadon aikinsa. Ɗan unguwarmu mai tari bai kai Yamai ba, ya zama dillalin raƙuma, ya yi arziki. Goggo ta rasu a hannun yaron da ta goya, shi ya yi jinyarta. Mijina ya bi ta. Ƙawata ta tsufa ba haƙori ko ɗaya, amma har ciwon ajalinta in na shiga gaishe ta sai ta kama hannuna ta ɗora a cikinta ta ce, “Malama, danna.” Allah Ya jiƙan su duka.

Shi kuwa ɗan farin nawa ya tafi Yamai, ya dawo, ya yi aiki gari-gari, ya koyar da yara masu yawa har ya yi furfura ya aje aiki. Maganar ranar nan ba ta taɓa shiga tsakanina da shi ba. Yanzu in jikina ya motsa, yakan zo da wata ɗiya cikin waɗanda ya koyar. Ita ke shigowa ɗaki. Shi yana tsaye a waje bayan asabari yana faɗa mata inda za ta danna, yana cewa ta tambaye ni ko da zafi. Ina jin sa sarai. Amma sai ta maimaita nake amsawa.