Malam Kalilu da Gidan da Ba Nasa Ba

Shekaru masu yawa, da an idar da sallar asuba Malam Kalilu ba ya komawa gida. Sai ya biya ta wani gida mai ɗakuna shida da ke kusa da babban asibitin Daura, ya duba randuna ko akwai ruwa, ya share zaure, sannan ya zauna yana amsa gaisuwar matan da ke fita da kwanukan kunu. Mata ne daga Zango, daga Mai'adua, wasu ma daga tsallaken Kongolam, waɗanda suka kawo marasa lafiya alhali ba su da kowa a gari. Nan suke kwana, nan suke dahuwa, kyauta.

Gidan wakafi ne. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, wa'azin zakka da wakafi ya cika masallatai, sai marigayiya Hajiya Ummukulsum, mai sana'ar man gyaɗa, ta tsayar da gidan don masu jinya: ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. Aka kafa ƙungiya, aka yi mata rajista da hukuma, aka naɗa amintattu uku. Biyu manyan mutane ne masu harkoki da yawa. Na ukun shi ne Kalilu, tela, wanda shagonsa ke bakin layin. Ka'idar a fili take, amintacce riƙo yake yi, ba ya cin moriyar abin da aka ba shi, kuma kujerarsa ba ta zama gado.

To amma mu mutanen Daura muna da hali. Wanda muke gani a ƙofa, shi muke laƙaba wa gida. Ba a jima ba direbobin tasha suka fara ce wa baƙi, "Ku tambayi gidan Kalilu." Da wani ne, da ya ji daɗi har cikin ransa. Shi kuwa sai ya mai da gyaran wannan kalma aikinsa na biyu. Ni maƙwabcinsa ne, na sha ganin ya tsayar da keken ɗinki ya leƙo don ya ce da wani, "Ɗan'uwa, gidan masu jinya ake cewa. Ni riƙo nake." Muka riƙa tsokanarsa, har aka sa masa Malam Riƙo-Nake.

Wata rana na tambaye shi, mene ne abin tada jijiyar wuya a kan suna? Ya ce da ni ya taɓa raka wani abokinsa kotun Shari'a a kan wata gona ta wajen Zango, wadda wani dattijo ya tsayar wa masallaci da baki. Tsofaffi suka zo shaida, kuma ba ƙarya suka yi ba, suka ce sun taso sun ji ana kiranta gonar wane, wato mutumin da ke kula da ita. Jikokin mai kulawar suka tafi da gona. Ya ce, "Malam, takarda tana cikin akwati, suna kuwa yana bakin mutane. Wanda zai zo bayana sunan zai ji."

Haulatu, maiɗakinsa, ita ta fi kowa ɗanɗana wannan tsayuwa. Da bikin 'yarsu, dangi suka cika gida, ga ɗakuna biyu babu kowa a gidan wakafi. Ta ce, "Malam, kwana ɗaya ne fa, kuma baƙi ne su ma." Ya ce, "Baƙin biki ne, ba na jinya ba. In na buɗe yau, gobe yaranki za su ce ɗakinmu na can." Baƙin suka rarrabu a gidajen maƙwabta, har da nawa. Haulatu ta yi fushi sosai, kuma ban ga laifinta ba.

Kai ne, Malam Kalilu, ka raka gawar wata baiwar Allah har ƙauyensu don 'yarta ba ta san hanyar asibiti zuwa tasha ba. Kai ne kake tara sauran amintattu taro ko suna so ko ba sa so, don kada a wayi gari shawara ta zama ta mutum ɗaya. Mai riƙon amana, wanda bai taɓa ɗaukar ko tabarmar gidan ya shimfiɗa a shagonsa ba.

Bara abin da yake tsoro ya faru a gabansa. Wata tsohuwa da mijinta ya warke ta tsaya a zaure tana sa wa Yazid, babban ɗansa, albarka, ta ce, "Allah ya bar muku gidanku, ya sa ka gaji mahaifinka." Yazid ya ce amin, kamar yadda kowa zai ce. Kalilu bai yi masa faɗa ba. A taro na gaba ya ce zai sauka. Sauran amintattun suka ce to a sa Yazid, yaro ne mai hankali kuma ya san aikin. Ya ce shi ya sa ba za a sa shi ba. Aka zaɓi Malama Murja, tsohuwar ungozoma wadda ba ta haɗa komai da shi ba, aka sanar da hukuma yadda doka ta tanada.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ya daina zuwa zauren gaba ɗaya, har shagonsa ya mayar wata unguwa. Na san yana kewar wurin, domin duk sanda muka haɗu sai ya tambaye ni ko an gyara indararon baya kafin damina.

Mun gode, Malam Kalilu. Allah ya saka maka da alheri, ya kai ladan kabarin Hajiya. Ku kuma masu riƙe da gidajen marayu, rijiyoyi da gonakin wakafi, ku saurari yadda mutane ke kiran abin da ke hannunku, ku gyara musu tun kuna da rai.

Kwanan baya na ji wata baƙuwa a tasha tana tambayar gidan Kalilu. Direban da ta tambaya ya ce bai san shi ba, sai dai in gidan masu jinya take nufi. Da na kai wa Malam labari, sai ya ce, "Alhamdu lillahi."