Ranar da Kawu Ilu Ya Zagaya da Ogana Cikin Gari

Ku da kuka san Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, kun taɓa ganin ƙafarsa a kan kwalta? Sai dai tsallakawa! "Titi na baƙi ne," in ji shi, "ɗan gari lungu yake bi." Daga Ƙofar Wambai zuwa Ƙofar Mazugal sai ya ratsa ta soron mutane, ya doka sallama, ya ɓulle ta ƙofar baya, yana cewa, "Hajiya, daddawa ta yi yawa a miyar nan!"

Ni na jawo wa kaina. Ogana na ofis, Alhaji Bashir, ya zo daga Abuja, ya ce Kano ta ainihi yake son gani, ba ta hoto ba. A lokacin kuwa maganar ƙarin girmana tana hannunsa. Na ce ai ina da kawu.

Muna fita Oga ya kunna taswirar waya, wata mata ta fara Turanci. Kawu ya ja birki.

"Wace ce wannan?"

"Hanya take nuna mana, Baba."

"'Yar gidan wa ce? A wace unguwa aka binne cibiyarta? Kashe ta!"

Oga ya kashe ta, ya tambaya ko za mu hau Dala.

"Dutse ne," in ji Kawu. "Na ji duwatsu sun yi muku yawa a Abuja."

Sai ya kutsa da mu wani siririn lungu, ni kaina a karkace na wuce. Oga kuwa, Allah ya hore masa tumbi, ga babbar riga ta sha sitati. Yana kaiwa tsakiya ya maƙale! Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, ga akuya a bayansa tana cin gefen rigar. Na kama hannunsa ina ja, ina salati. Kawu ya jingina da katanga ya ɓare goro.

"Alhaji, yi istigfari. Lungun nan bai taɓa riƙe mai cin halal ba."

Innalillahi! Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Oga ya yi istigfarin kuwa, ya saki numfashi, ya fito fit, ya bar aljihu ɗaya a lungun.

Na ce shi ke nan, mu koma gida. Ina! Sai ga mu a kan tabarmar zaman makoki. Aka yi addu'a, aka shafa, aka kawo gumba. Na matsa kusa da kunnensa.

"Kawu, wa ya rasu?"

"Yi shiru, yanzu za mu ji."

Ya juya ga Oga. "Kanawa ka zo gani, ko? To, ga su. A kasuwa bakinsu za ka gani, a nan kake ganin zuciyarsu."

Na koma aiki ina jiran kora. Ba a kore ni ba, ƙarin girman ma shiru. Da na gaji na tambaya, sai Oga ya fashe da dariya.

"Kawunka ne ya ce in dakata. Wai wanda bai san garinsu ba, yaya za a ba shi mutane?"

Ashe duk zuwan da yake yi Kano sai ya nemi tsohon, su yi ta yawo su biyu, Oga da 'yar shara a jikinsa! Ranar jana'izar Kawu, Oga yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, hawaye har gemu.

Makon jiya na ɓata a bayan Ƙofar Mazugal. Na zaro waya zan kira Kawu ya zage ni, sannan ya faɗa min hanya. Sai da na nemo sunansa na tuna. Na mayar da wayar aljihu.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.